Yadda Ake Ba da Aikin Ginin Sito ko Rumfar Ƙarfe a Katsina, Daga Awon Fili Zuwa Karɓar Makulli

Tun da ginin ƙarfe ya samu karɓuwa a wajen 'yan kasuwar hatsi, masu kiwon kaji, masu gidajen mai da masu makarantu a Katsina da Daura, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini ta fuskoki daban-daban: mutum yana da fili, ya tanadi kuɗi, yana son a kafa masa sito ko babbar rumfa ta ƙarfe, to daga ina zai fara, kuma ta yaya zai tabbatar cewa abin da ya biya shi aka kafa masa? Na jera matakan a nan yadda ya kamata su biyo juna, domin yawancin asarar da ake tafkawa a wannan aiki tana faruwa ne tun kafin a kunna injin walda, a lokacin da mai aiki ya miƙa kuɗi alhali ba zane, ba rubutaccen kaurin ƙarfe, ba yarjejeniya. Domin lissafi ya fito fili, zan riƙa misali da sito mai faɗin mita 12, tsawon mita 24, da tsayin mita 5.

1. Tsayar da amfanin ginin

Kafin ka kira kowa, zauna ka rubuta abin da za a yi da ginin, saboda shi ne zai yanke girmansa, tsayinsa da irin ƙarfen da zai ci. Siton da tirela za ta shiga cikinsa ta sauke buhuna yana buƙatar ƙofa da tsayin da siton da ake sauke kaya a bakinsa ba ya buƙata. Ɗakin kaji yana son gefuna a buɗe da rufi mai fitar da zafi, kuma tururin kashin kaji yana cin ƙarfe da kwano. Takin zamani ya fi wannan ɓarna, domin inda aka jibge shi tsatsa ba ta jinkiri, don haka siton taki yana buƙatar fenti mai kauri da ginshiƙan da aka ɗaga gindinsu daga daɓe.

Rubuta kuma duk abin da kake tunanin ɗorawa ko ratayawa a jikin ginin ko da nan da shekara biyar ne: faifan sola, silin, fankoki, tankin ruwa, ko sarƙar ɗaga kaya. Tanki mai cin lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan ɗaya ne, ban da nauyin tankin kansa.

Gargaɗi: kada ka ɓoye wa injiniya shirinka na gaba don gudun tsada. Ƙara kaurin ƙarfe a kan takarda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙarfafa ginin da aka riga aka rufe.

2. Takardun fili, izinin gini da zane

Tabbatar da iyakar filinka da takardunsa, sannan ka nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha. Mutane da dama suna ɗauka cewa rumfar ƙarfe ba gini ba ce, don haka ba ta buƙatar izini, sai an zo an shafa mata jan fenti sannan a shiga zirga-zirga. Duba kuma ko akwai wayar lantarki mai babban ƙarfi da ta ratsa ta saman filin ko gefensa, domin wannan kaɗai yana iya sauya inda ginin zai zauna.

Daga nan sai zane, kuma a nan ne nake son mai karatu ya fi tsayawa. Zanen da ake buƙata na injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda zai sa hannu da hatiminsa, ya nuna girma da kaurin kowane ƙarfe, tazarar ginshiƙai, zurfin ramukan tushe, girman noti da adadinsu, da wuraren da za a sa ƙarfen giciye mai hana gini karkacewa. Mai walda, komai ƙwarewarsa, hannu gare shi da ido, kuma ana bukatar su, amma lissafin nauyi da iska fanni ne daban. A sitonmu na misali, idan aka sa ginshiƙai kowace mita 6 za a samu layi 5, wato ginshiƙai 10, idan kuwa kowace mita 4 ce za a samu layi 7, ginshiƙai 14. Wanne ya fi araha ya dogara da girman ƙarfen da kowanne zai ci, kuma ba a gane wannan da ido.

A ƙasar nan tamu babban abokin gabar rufin ƙarfe shi ne iskar farkon damina, wadda ke tasowa gaban hadari daga gabas a watannin Mayu da Yuni. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Rufin sitonmu ya kai murabba'in mita 288, don haka ko da kilo 50 kawai iska ta ja a kowace murabba'in mita, jimillar ta haura tan 14, nauyin da ya zarce na rufin kansa a irin waɗannan gine-gine marasa nauyi. Abin da ke riƙe shi a wannan lokaci shi ne ƙusoshin kwano, waldar mahaɗai, notin da ke ɗaure gindin ginshiƙai da nauyin kankaren tushe. Tambayi injiniyanka kai tsaye ko ya yi lissafin iska, musamman idan rumfar a buɗe take ko filin yana bayan gari inda babu abin da ke tare iska.

3. Zaɓen kamfani ko mai walda

Nemi farashi daga wurare uku, kuma ka ba kowannensu kofin zane iri ɗaya. Idan kamfani ne, bincika rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, abu ne na 'yan mintuna a waya. Amma takarda ba ta walda. Je ka ga wurin aikinsu da idonka: shin suna da daɓe mai lebur da ake shimfiɗa tiras, wato haɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da rufi, a kai, da injin huda ƙarfe, da injin yanka, da janareta mai ƙarfin da zai ɗauki injin walda idan wutar KEDCO ta ɗauke? Sannan ka nemi su nuna maka aikin da suka kafa wanda ya ga damina biyu ko uku, ka je ba tare da su ba, ka gaisa da mai wurin, ka tambaye shi ko rufin yana yoyo, ko an gama a kan lokaci, ko an dawo masa da maganar ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki.

Gargaɗi: hotunan da ake nunawa a waya ba hujja ba ne, domin ba ka san wanda ya yi aikin ba.

4. Karanta farashi da lissafin ƙarfe

Farashin da aka rubuto a layi ɗaya, a ce sito kaza naira kaza, ba shi da amfani. Nemi a rarraba maka shi: kowane irin ƙarfe da girmansa, kaurinsa, tsawonsa, adadinsa da nauyinsa, kwano da kaurinsa, noti da ƙusa, sandunan walda da faifan yanka, fenti, man janareta, kuɗin mota, kuɗin injin ɗaga kaya idan za a yi haya, aikin tushe, ladan ma'aikata, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari idan kamfanin yana cajinsa. Sai an yi haka za ka iya jera takardu uku ka ga inda suka bambanta.

Ƙarfe da nauyi ake gane gaskiyarsa. Angil, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, mai faɗin milimita 50 a kowane gefe da kaurin milimita 5 yana da nauyin kimanin kilo 3.77 a kowace mita, wato kusan kilo 22.6 a sanda mai mita 6. Mai kaurin milimita 4 kuwa kilo 3.06 ne a mita, wato kusan kilo 18.4 a sanda. A ido kusan ɗaya suke, a baki ma duk sunansu angil inci biyu, amma tsakaninsu akwai kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfen. A aikin da zai ci sanda 200, bambancin ya haura kilo 800. Sau da yawa wannan shi ne sirrin farashin da ya fi sauran araha, kuma mai aiki ba zai sani ba sai ranar da tiras ya fara lanƙwasa. Rodi ma yana da nasa lissafin: ninka kaurinsa da kansa ka raba da 162, za ka samu nauyin mita ɗaya. Rodi mai milimita 12 zai ba ka kilo 0.89, mai milimita 16 kuma kilo 1.58.

Game da kasuwa, manyan ƙarafan gini irin su bim, wato ƙarfen da ake gittawa a kan ginshiƙai, galibi daga waje ake shigo da su ta tashar jiragen ruwan Legas, su biyo hanya zuwa Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa take cibiyar da masu aiki da yawa daga Katsina da Daura ke saro kaya. Saboda haka farashinsu yana bin dala da kuɗin mota. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, masu sayar da ƙarfe ba sa yarda su riƙe farashi na dogon lokaci, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da ya rage gare ka shi ne a rubuta a jikin takardar farashi kwana nawa za ta yi tana aiki, kuma kada ka nemi farashi sai kuɗin ƙarfen yana hannunka. A ganina buƙatar sito da rumfuna a wannan yanki ba raguwa za ta yi ba, ganin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 ya biyo ta Daura, Katsina da Jibiya, kuma duk inda buƙata ta yi yawa, ƙwararrun masu walda sukan yi wuyar samu a lokacin rani. Wanda ke son aikinsa ya kammala kafin ruwa ya sauka, ya kama mutanensa tun kaka.

Ware kuma wani abu a gefe, kamar kashi goma cikin ɗari na jimillar kuɗin, saboda abin da ba a zata ba.

5. Rubuta yarjejeniya da tsarin biya

Hanya biyu ce. Ko dai ka ba da aikin gaba ɗaya, kaya da aiki, ko kuma ka sayi kayan da kanka ka biya ladan aiki kawai. Ta farko ta fi hutu, kuma idan wani abu ya lalace mutum ɗaya za ka kama. Ta biyu ta fi ba ka iko a kan ingancin ƙarfe, amma duk abin da ya gaza ko ya ɓace a wuyanka yake, kuma ma'aikaci ba ya tattalin ƙarfen da ba shi ya saya ba. Ga wanda bai taɓa yin irin wannan aiki ba, na fi ba da shawarar ta farko, da sharaɗin cewa kai ko injiniyanka za ku duba ƙarfen kafin a yanka.

Ko da ɗan'uwanka ne ko maƙwabcin da kuke sahu ɗaya a masallaci, a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma kafin alƙalamin da ka bayar bashi ne a wuyan ɗan kwangila har sai ya cika. Takardar ta ƙunshi zanen a matsayin wani ɓangare nata, ranar farawa da ta gamawa, wanda zai ɗauki nauyin gadi, wuta da ruwa, wanda zai biya magani idan ma'aikaci ya ji rauni, da kuma mai guntayen ƙarfen da suka rage, domin suna da kuɗi a wajen masu sayen tsohon ƙarfe, kuma sun sha haddasa rigima a ƙarshen aiki. A rubuta cewa duk wani sauyi ko ƙari sai an amince da kuɗinsa a rubuce kafin a yi shi.

Biya kuwa ya bi aikin da ido ya gani: kuɗin ƙarfe a lokacin saye, tare da rasit da sunanka, wani kaso idan an gama haɗa tiras da ginshiƙai an duba su, wani idan an kafa ƙwarangwal ɗin ginin, wani idan an rufe. Riƙe kashi biyar cikin ɗari na tsawon wata shida, kamar yadda aka saba a kwangilolin gini, kuma idan ka samu hali ka tsara yadda wata shidan za su ratsa damina.

Gargaɗi: kada kuɗin da ka biya ya taɓa wuce darajar kaya da aikin da ke ƙasa. Daga ranar da ya wuce, kai ne za ka koma mai lallashi.

6. Karɓar ƙarfe

Ranar da mota ta kawo kaya, kasance a wurin da tef da ma'aunin kauri, wanda ake samu a shagunan kayan aiki ba da tsada ba. Ƙirga sanduna, sannan ka zaro wasu daga tsakiyar ɗauri, ka auna kaurinsu da tsawonsu. Ana sayar da sanduna da sunan mita 6 alhali ba su cika ba, kuma rabin mita a kowace sanda ya kai kashi takwas cikin ɗari na kayan. Idan akwai sikeli, ɗora sanda ɗaya ka gwada da lissafin da ya gabata. Tsatsa ta sama-sama da buroshin waya ke gogewa ba matsala ba ce, amma ƙarfen da tsatsa ta yi wa ramuka, ko wanda aka miƙe bayan ya lanƙwashe, ko tsohon da aka shafe da fenti, a mayar da shi a motar da ta kawo shi. A jera kayan a kan katako, kada a zube su a ƙasa.

7. Awo da tushe

Wannan aiki yana iya tafiya a lokaci ɗaya da haɗa ƙarfe, amma dole ma'aunin ɓangarorin biyu ya fito daga zane ɗaya. A kafa turaku, a ja igiya, a fitar da kusurwa da awon 3, 4, 5, wato mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, mita 5 a giciyen da ke tsakaninsu, sannan a tabbatar da ita ta hanyar auna giciye daga kusurwa zuwa kusurwa. A sitonmu kowane giciye zai ba da mita 26.83, kuma idan biyun ba su zo daidai ba, ginin ya karkace tun daga ƙasa.

Ƙasar Katsina da Daura galibi jigawa ce, tana da sauƙin haƙa amma bakin rami yana zubewa, don haka a zuba kankare da wuri bayan haƙa. Inda ya fi haɗari shi ne filin da asalinsa kududdufi ne aka cike da shara, irin waɗanda ake samu a cikin gari da kewayensa, da kuma ƙasar laka ta bakin fadama mai kumbura da damina ta tsage da rani. Tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da. Idan cikon ƙasa ne, a haƙa har sai an tarar da ƙasar asali, kuma injiniya ya leƙa ramin kafin a zuba komai.

Kankaren tushe a irin wannan gini yawanci awo ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai dai in zane ya faɗi wani abu daban. Yashin ya zama mai kaifi marar laka, kuma kada a cika ruwa don sauƙin zubawa. Notin gindi, wato dogayen ƙarafan da ake binnewa a cikin kankare don ɗaure ginshiƙi, a kafa su da faranti na gwaji mai huji daidai da na gindin ginshiƙin, a ɗaure su kada su motsa, a naɗe zarensu da leda, a sake auna tazararsu bayan an zuba tun kankaren bai kama ba. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe shi da buhu mai laima, domin zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu duk suna shanye ruwansa kafin ya yi ƙarfi. Cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake lissafa shi.

Gargaɗi: idan noti ya kauce daga wurinsa, kada ka yarda a lanƙwasa shi da guduma ko a yanke a yi masa waldar ɗori. A kira injiniya ya faɗi gyaran. Haka kuma kada a dasa ginshiƙi kai tsaye a rami a zuba masa kankare kamar turken shinge, domin daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙasa nan tsatsa take cinye shi.

8. Haɗa ƙarfe a wurin aiki

A fara haɗa tiras ɗaya a kan daɓe mai lebur, a auna shi, injiniya ya amince, sannan a mayar da shi ma'aunin da za a ɗora sauran a kai. Mahaɗan tiras su kasance da faranti kamar yadda zane ya nuna, kada a haɗa bakin angil da bakin angil kawai. Hujin noti da injin huda ake yinsa. Hujin da aka ƙona da sandar walda yana fita da faɗi da kaushi, noti ba ya zama a cikinsa daidai.

Sandar walda da aka fi amfani da ita a ƙananan ƙarafa ita ce mai lamba E6013. Ga manyan mahaɗai masu ɗaukar nauyi injiniya yana iya rubuta E7018, wadda dole a adana ta a busasshen wuri domin tana shan laima. Walda mai kyau tana fita a jere, kaurinta ɗaya, ta narke ta shiga ɓangarorin biyu. Ka sa a kankare ɓawon da ke samanta ka gani. Idan ka ga ƙananan ramuka, ko tsaga, ko kwari a gefenta inda wuta ta ci ƙarfen, ko ɗigo-ɗigo da aka jera maimakon layi ɗaya, a goge a sake. Waldar da aka yi da wuta marar ƙarfi takan zauna a saman ƙarfe kamar an ɗora ta, ba ta kama ciki ba, shi ya sa na ambaci janareta tun a mataki na uku.

Gargaɗi: duba walda kafin fenti, kuma ka sa wannan a cikin yarjejeniya. Bayan an shafa fenti, balle a ce an cike gurbi da abin cikon da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, ko injiniya ba zai gane abin da ke ƙasa da ido ba.

Sai fenti. A goge tsatsa, maiƙo da ƙura, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bar shi ya bushe, sannan a bi da fentin gamawa shafi biyu. Wuraren da hannu ba zai kai ba bayan an kafa, kamar bayan angil biyu da aka haɗa, a shafe su tun a ƙasa. Bakin bututun ƙarfe a toshe shi da faranti don kada ruwa ya taru a ciki. Kada a yi fenti da tsakar rana a kan ƙarfen da ya ɗauki zafi, ko a ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa.

9. Kafawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, yadda za a rufe kafin iskar bazara ta fara. A fara tsayar da ginshiƙan layi biyu na farko, a daidaita tsayuwarsu ta fuska biyu, a ɗora musu tiras, a haɗa su da ƙarafan da kwano ke kwanciya a kai, a sa musu ƙarfen giciye a rufi da bango. Wannan ɗaki na farko shi ne zai riƙe sauran, don haka ba a wuce shi sai ya tsaya da kansa. Daga nan a ci gaba layi bayan layi, ana ɗaure kowane sabon tiras da na bayansa kafin a saki igiya. Tiras mai mita 12 yana da ƙarfi a tsaye amma yana da rauni a kwance, kuma wajen ɗagawa ne ya fi lanƙwashewa, saboda haka kuɗin hayar injin ɗaga kaya na yini ɗaya ko biyu ba asara ba ne.

Bayan an daidaita ginin duka, a ƙara ɗaure noti, kowanne da wasarsa, wato zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashinsa, kuma zaren ya leƙo bayan noti. Idan zane ya ce noti mai lamba 8.8, wadda alamar ƙarfinsa ce, duba kan kowanne, lambar tana rubuce a jiki. Gurbin da ke tsakanin farantin gindi da kankare a cike shi da siminti mai ƙarfi. Duk inda aka yi walda a sama a goge a sake shafa fenti.

Gargaɗi: kada a tashi aiki da yamma a bar tiras a tsaye ba ƙarfen giciye ko igiyoyin da suka ɗaure shi. Kada kowa ya hau sama ba bel ɗin tsaro da hular kwano, kuma da zarar hadari ya haɗu kowa ya sauko. A hana yaran unguwa shiga wurin, domin sukan taru kallo a daidai ƙarƙashin inda ake aiki.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi bayan an kafa: mai gini ya ga ƙarfen giciye ya tare masa inda yake son ƙofa ko taga, sai ya sa a yanke. Wannan ƙarfe siriri ne, amma shi ke hana ginin kwantawa idan iska ta bugi gefensa. Idan dole ne a matsar da shi, injiniya ne zai nuna inda za a mayar.

10. Rufi da magudanar ruwa

Auna kaurin kwano kamar yadda ka auna na ƙarfe, domin tsakanin milimita 0.45 da 0.55 akwai bambancin kuɗi da na ƙarko, kuma ana sayar da wani da sunan wani. Idan kwanon alminiyom ne, kada ya kwanta a kan ƙarfe tsirara, sai wanda aka yi wa fenti, saboda haɗuwarsu da laima tana cin alminiyom. A yi amfani da ƙusa mai zare da roba a wuyanta, a ɗaure ta daidai ba tare da an murƙushe robar ba, kuma a ƙara yawanta a gefuna, kusurwoyi da tsololuwar rufi, domin daga nan iska take fara ɓamɓarowa. Bakin haɗin kwano ya juya wa gabas baya. A share ɓarɓashin ƙarfen da huda ta bari a saman rufi a ranar, in ba haka ba zai yi tsatsa ya ɓata kwanon.

Ruwan sama mai milimita 25 a kan rufin sitonmu lita 7,200 ne, kuma yana iya sauka cikin ƙasa da awa ɗaya. Indararo da bututun saukar da ruwa su zama masu girman da zai ɗauke shi, a kai shi nesa da gindin ginshiƙai da katangar maƙwabci, ko a tara shi a tanki.

11. Dubawa da karɓa

Kafin biyan kaso na ƙarshe, zagaya ginin tare da injiniya da ɗan kwangila, zane a hannu. A ƙirga ƙarafan giciye, a taɓa noti, a ja igiya a tsololuwar rufi a ga ko ta miƙe, a buɗe ƙofofi a rufe. Shiga ciki da rana a rufe ƙofa, duk inda haske ya ɓullo a rufi ruwa ma zai ɓullo. A rubuta gyare-gyaren da suka rage a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, a sa ranar gamawa. Karɓi kofin zane da aka nuna duk sauyin da aka yi a kai, da rasit ɗin kaya, da sunan fenti da lambar launinsa, ka adana su tare da takardun fili.

Kashi biyar ɗin da ka riƙe kuwa, bayan ruwan farko mai iska ka sa a hau a duba ƙusoshin gefuna da indararo, a leƙa gindin kowane ginshiƙi ko ruwa yana kwanciya, a gyara abin da ya bayyana. Idan wa'adin ya cika ba sauran gyara, ka biya mutumin haƙƙinsa a ranar, ba sai ya yi ta sintiri a ƙofar gidanka ba.